Zaren Kumbo

A 2012, a wani kamfanin gyaran finafinai da ke Dubai Investments Park, aka ba Zailani aikin tsaftace wani tsohon fim na 'yan sama jannati da za a fitar a DVD. Mako uku ya kwashe yana goge siririn zaren da aka rataye kumbon roba da shi, hoto bayan hoto.

Da safen da ya gama, Anti Hamidatu, 'yar Kumasi mai share ofishin, ta tsaya a bayansa da tsintsiya.

"Na san fim ɗin nan. Ina zaren?"

"Na cire, Anti. Kuskure ne."

"Kuskuren wa? A silimar zangonmu, da kumbon ya taso sai kowa ya ɗau ihu, 'Ga zare!' A gidanmu wanda ya fara hango shi Baba ke saya wa gyaɗa."

Ta ci gaba da shararta. Zailani ya jira ta fita sannan ya yi tsaki. Duk da haka, washegari ya nace wa manaja har ya gaji ya ce, "Khalas, shi ke nan, a sa na asalin mai zaren a faifai na biyu."

Da fim ɗin ya fito, ya kawo mata kwafi guda mai faifai biyu. Ta tambaye shi wanne ne mai zaren, ta jefa shi a jaka. Ɗayan kuwa ta ajiye a tebur, ta ɗora kofin shayinta a kai.