Iyakar Gonar Baba Halliru

"Bahau, ɗauki alƙalami ka rubuta. Ta gabas, daga gindin tsamiyar nan..."

Mijina ya danna wayar, muryar mahaifinsa ta katse a tsakiyar magana. Ina tsaye a bakin taga da tsintsiya a hannu. Can ƙasa rumfunan abincin unguwarmu ta Kampung Baru duk a rufe, dokar kullen annoba ta share titin tas.

"Baban Ruƙayya, ka bari ya ƙarasa mana."

"Minti goma sha ɗaya ne fa, Najiba. Supervisor na jiran chapter four. Later lah."

Wannan shi ne saƙo na ashirin da wani abu da aka ce masa sai an jima.

Shekara uku ke nan Bahauddeen yana karatun digirin digirgir a kan wani Ba'amurke da ya mutu shekara ɗari biyu da suka wuce. Soja ne, ya yi yaƙin ƙwatar 'yancin ƙasarsu, aka sallame shi da kyautar daji, ya sare ya yi gona. Har yau ban gane abin da ya kawo mu Malesiya neman Ba'amurke ba, amma na san mutumin nan kamar a gidanmu aka haife shi. Na san sunan alfadarinsa. Na san shekarar da sanyi ya kashe masa masara, don ranar da mijina ya karanto wurin ko abinci bai iya ci ba.

Abin da ke cin raina, surukina Baba Halliru ma soja ne. Ya dawo daga yaƙin basasa da ɗingishi, dagacin Tudun Gawo ya ba shi daji, shi ma ya sare da hannunsa. Shi dai ba a ba shi takarda ba. Da ƙafa aka taka iyaka a gaban shaidu huɗu, aka raba goro, aka shafa fatiha. Yanzu da za a ja titi ta wurin, idanu sun yi yawa a kan gonar. Shi ya sa tsohon yake sa 'yarsa Hureira ta riƙe masa waya, yana lissafo iyaka da sunayen shaidu da 'ya'yansu, don ɗansa mai boko ya rubuta.

* * *

Wata Talata da hantsi aka turo wa Bahauddeen hotunan takardun Ba'amurken daga wani gidan adana tarihi, shafi ɗari huɗu. Wayar ta ce babu wuri. Ina yanka albasa na ga yatsansa yana ta zaɓa yana gogewa.

"Me kake gogewa?"

"Tarkacen WhatsApp."

"Har da na Baba?"

"Ai suna wayar Hureira. In na yi submitting, sai ta sake turowa in zauna in yi masa aiki mai kyau."

Na ci gaba da yanka albasata. Na gaji da zama mai mita a ɗaki ɗaya da babu wurin fita. Wannan shirun nawa har gobe yana damuna.

* * *

Bayan wata biyu Hureira ta kira, muryarta a dishe. Baba ya faɗi a bakin gona, ɓarin jikinsa ya shanye, harshen ya karye. Wani ɗan kwangila ya kafa turakun siminti har tsakiyar dawa. Sabon dagaci, wanda ko haihuwarsa ba a yi ba lokacin rabon, ya ce ranar Alhamis a kawo iyaka da sunayen shaidu, in babu shi ke nan.

"Yaya, turo min abin da ka rubuta."

"Ki... ki fara duba saƙonnin a wayarki."

"Wace wayar? Wannan da hoto biyar ke cika ta? Ina turawa nake gogewa. Ai kai ne ma'ajiyarmu, Yaya. Baba cewa yake ɗansa masanin tarihi ne."

Bahauddeen ya dube ni. Jirgi ba ya tashi, iyakokin ƙasa a rufe, Alhamis kuma jibi ce.

"Haɗa ni da shi ta video," ya ce.

Fuskar Baba ta cika wayar, bakin ya karkace, idanun kuwa tar. Da ya gane ɗansa sai ya yi yunƙuri, ya ɗaga hannunsa mai lafiya yana nuna wani wuri bayan katanga.

"Na'am, Baba, ina ji. Faɗi, a shirye nake."

Tsohon ya yi ta turo sauti daga maƙogwaro, jijiyoyin wuyansa sun miƙe, yawu na bin haɓarsa. Hureira ta sa bakin mayafi ta goge masa. Ya sake gwadawa.

"A hankali, Baba," in ji mijina. "Sake faɗa."