Jan Farce a Bayan Ganye

Maganar ta iske Malama Ganye a ɗakinta, tana jiƙa ƙafa a ruwan ɗumi. Wai ganyen yanzu ya fi na da yawan ƙananan ƙofofin da yake shaƙar iska da su. Wai tunda iskar kabon ta ƙaru a sama saboda hayaƙin motoci da masana'antu, kuma ita ce abincin tsiro, sai tsirrai suka ƙara buɗe bakuna don su ci su ƙoshi. Jikarta ce ta kawo zancen, wadda yanzu take koyar da kimiyya a makarantar da tsohuwar ta yi shekara talatin da shida tana riƙe alli.

"Wa ya ƙirga, ƙawata?"

"Haba Kaka, kowa ya san haka. Abinci ya ƙaru, baki ya ƙaru."

"Kowa ɗin nan na daɗe ina son in gan shi. Wa ya ƙirga, na ce."

Jikar ta yi dariya, sannan ta saki wadda ta fi zafi. Shugaban makaranta ya ce ranar Juma'a za a fitar da tsohon kabad ɗin sito a ƙone abin da ke ciki, ana son wurin. Tsohuwar ta zare ƙafarta daga ruwan. Ganyaye ɗari uku da 'yan kai ne a kabad ɗin, ita ta tsinke su, ta danne, ta busar, ta manna a takarda, kowanne da kwanan watansa. Daga nan ma ɗalibai suka laƙa mata sunan.

Da safe ta tsaya a shagon bakin titi.

"Jan farce nake so, amma marar launi."

Mai shago ya dube ta ta saman gilashinsa. "Baaba, ja kuma marar launi? Ko wani ne ya fito?"

"Ya fito, yana tsaye a harabar makaranta shekara sittin. Haɗa min da salatif."

Bishiyar mangwaron tana nan inda ta bar ta. Ta sa jikar ta tsinko ganye daga reshen ƙasa na gabas, ba wani ba, don tun tana budurwa daga nan take tsinka. Ganyen rana da na inuwa ba ɗaya ba ne, wanda ya haɗa su ya ƙirgo shirme.

A ɗakin gwaji ta zaro takarda ta farko a kabad. Ganyen ya koma ruwan ƙasa, rubutun gefensa nata ne, na shekara hamsin da suka wuce, lokacin da hannunta bai san rawa ba. Ta ɗiga jan farcen a bayansa, ta ɗiga a bayan ɗanyen. Da ya bushe ta manna salatif, ta ɗaye a hankali tana riƙe numfashi, ta shimfiɗa kowanne a kan gilashi. Hoton fatar ganyen ya fito sak.

Ana haka shugaban makaranta ya shigo. Tsohon ɗalibinta ne. Ya rusuna.

"Malama, barka da zuwa. Ai da kin aiko."

"Mai-Barci, har yau kujerar baya kake so? Matso nan. Idona ya gaji, kai za ka ƙirga."

Ya sunkuya a kan madubin likita da babbar rigarsa, jikar tana danne dariya. Ƙofofin suka bayyana kamar ƙananan leɓuna a warwatse. Wuri goma ya ƙirga a tsohon ganyen, wuri goma a sabon, jikar tana rubutawa. Sau biyu ya ɓata lissafi, sau biyu aka mayar da shi farko. Da jikar ta raba ta fitar da matsakaici, sai ta ajiye biro. Ta karɓi madubin ta ƙirga da kanta.

"Kaka, sun ragu fa."

"To. Ta ƙofar da kabon yake shiga, me yake fita?"

"Ruwa." Jikar ta dafe baki. "Ke nan in kabon ya yawaita, ƙofa kaɗan ta ishe shi, sai ya adana ruwansa."

Tsohuwar ta gyara murya kawai.

"Malama, ai kin gama magana," in ji shugaban.

"Ban fara ba. Bishiya ɗaya ce, kuma ita ma ta tsufa kamar ni. Wataƙila tsufan ne. Kana son ka sani, sai a bi sauran ɗari ukun, a je a tsinko 'yan'uwansu na yau. Amma na ji an ce Juma'a akwai wuta."

Ya dubi kabad ɗin, ya sosa ƙeya. "Wa ya ce? Fenti na ce a yi masa."

Zangon karatu guda ɗalibai suka yi suna shafa jan farce a ganye, har mai shago ya koma saro shi katan-katan. Wasu tsirran ba su canza ba, a 'yan kaɗan ma ƙofofin sun ƙaru, kuma tsohuwar ta hana a share ko ɗaya daga lissafin. Ranar ƙarshe ta zauna a kujerar baya, sandarta a kan cinya, jikarta ta ɗauki alli ta rubuta a allo:

"A yawancin ganyayen da muka gwada, na yau sun fi na da ƙarancin ƙofofi."