Hannu Ɗaya

Bokiti na uku ne ya zo da ƙanƙara. Bikin sabuwar shekara ake yi a garin Lampang, inda al'ada ce a watsa wa kowa ruwa. Tawin yana tsaye a bakin tasha yana jiran a zo ɗaukarsa, sai wata dattijuwa mai gajeren wando ta ja kwalar rigarsa ta baya, ta juye masa ruwan a hankali har gadon baya, sannan ta yi masa barka da sabuwar shekara da Turanci.

Sanyin bai dame shi ba. Mutumin da ya yi shekara goma sha ɗaya yana suyar taliya a gidan abinci a Winnipeg, birni mai tsananin sanyi a ƙasar waje, ya fi duk garin nan sanin ƙanƙara. Turancin ne ya sosa masa rai, don a bayan kasuwar nan aka haife shi. Amma da ya hangi kansa a gilashin wani shago, sai ya yi wa matar uzuri. Riga mai furanni da ya saya a filin jirgi, baƙin tabarau, waya a jakar roba rataye a wuya. Duk abin da baƙi ke sakawa don su saje da 'yan gari ya saka.

Wata a-kori-kura ta tsaya a gabansa, aka ɗan sauke gilashi.

"Kwaɗo, shigo mana. Ko sai na fito na goya ka?"

Yayarsa ce, Buakam. Tun yana jariri ake kiransa Kwaɗo a gida, kuma yau ne karon farko da sunan ya dace da shi. Ya shiga ya zauna, ya rungume ledar tsarabar da ya kawo wa mahaifinsu, sabuwar riga da tawul.

Motoci suna tafiya kamar ana jan su da igiya. Kowace tana ɗauke da duro da mutane a baya, suna watsa wa juna ruwa da kwanuka. Wani ɗan sanda yana ba da hannu a mararraba, fuskarsa fari fat da hoda, ruwa na ɗiga daga hularsa, ba wanda ya kula da hannun nasa.

"Yaya, Baba ya san na zo?"

"Na gaya masa."

"Me ya ce?"

"Ya ce a ƙara shinkafa."

Tawin ya yi ta juya maganar nan, bai gane ko maraba ce ko lissafin tukunya ba. Shekara shida ke nan rabon da mahaifinsa, Baba Inta, ya ce masa uffan. Lokacin da mahaifiyarsu ta rasu, takardun zamansa suna hannun hukuma, in ya fita ba zai iya komawa ba. Gaskiya ce, sai dai ba ta taɓa gamsar da kowa ba, har shi kansa. Ta waya ya halarci jana'izar, yana tsaye a bayan kicin da rigar girki. Buakam ta ɗaga masa wayar, ya ga mahaifiyarsa kwance a lulluɓe, an fito da hannunta na dama shi kaɗai a kan ɗan matashi, kamar yadda ake yi wa kowace gawa. Mutane suna layi, kowa ya zuba mata ruwa a tafi ya nemi yafiya. Da aka zo kan ɗanta namiji tilo, aka ɗan dakata, sannan na gaba ya matso. Tun daga ranar, in ya kira aka miƙa wa tsohon wayar, rufin ɗaki kawai yake gani.

Yau kuwa ranar dattawa ce. Kowa zai durƙusa a gaban tsohonsa, tsoho ya haɗa tafukansa biyu, a zuba masa ruwan ƙamshi a nemi gafara, shi kuma ya shafa ruwan a kai ya sa albarka. A gaban dangi ake yi, kuma tsoho ba ya ƙi ba tare da gari ya ji ba. Tawin ya san tarko ya ɗana wa mahaifinsa, amma ba shi da wata dabara.

Kusa da gada ya hango wani da suka yi aji ɗaya a firamare, riƙe da tiyo a ƙofar shago. Kafin Buakam ta hana shi, ya sauke gilashi ya kira sunansa. Mutumin ya yi murmushi irin wanda ake yi wa baƙo, ya saita tiyon a ƙirjinsa. Ruwa ya cika ledar tsaraba.

"Ya gane ka kuwa?" in ji Buakam tana share sitiyari da hannu.

"Ban sani ba."

"To ai ya gaishe ka."

A gida, dangi sun gama nasu tun da safe. Suna zaune a inuwar ƙarƙashin gidan katakon da aka ɗora a kan dirkoki suna cin shinkafa mai danƙo da tsiran alade, suna jiran kallo. Baba Inta yana kan kujerarsa ta gora cikin shuɗiyar riga, da zane a kan cinya. Ya ƙanƙance. Bakinsa ya ɗan karkace gefe guda, Tawin ya fassara karkacewar da raini, ya kuma yarda cewa ya cancanta.

Buakam ta miƙa masa tasar azurfa da furanni suna iyo a ciki, da ɗan ƙaramin kofi. Ya cire tabarau, ya matsa da gwiwoyi har gaban kujerar, ya ajiye jiƙaƙƙiyar tsarabarsa. Kalmomin da ya yi ta maimaitawa a jirgi suka fito daidai: duk abin da ya yi da jiki, da baki, da zuciya, da sani ko da rashin sani, yana roƙon gafara. Ya ɗebo ruwa, ya jira.

Baba Inta ya fito da hannunsa na dama, ya ɗora a kan gwiwa, tafin yana sama. Shi kaɗai.

Tawin ya san irin hannun nan. Haka ya ga na mahaifiyarsa a fuskar waya, a kan ɗan matashi. Ya ji kamar an sake juye masa bokitin ƙanƙara, wannan karon ta ciki. Saƙon a fili yake: zuba yanzu, ka huta da wahalar zuwa ran da na mutu. Ya yi tsammanin shiru, ya yi tsammanin a juya masa baya, amma bai zaci tsohon zai yi gawa da ransa don kawai ya kunyata shi ba.

Ya mayar da kofin cikin tasa.

"Baba, in zagi ne ka zage ni da baki, zan ɗauka. Amma ba zan zuba maka ruwan gawa kana numfashi ba."

Taunar shinkafa ta tsaya. Wata gwaggo ta ajiye tsirenta.

"Kwaɗo," in ji Buakam daga bayansa, murya ƙasa ƙasa, "kai dai kanka ya sha ruwa. Hannun hagun ba ya motsi. Tun bara ɓarin jikin ya shanye."

"Tun bara? Me ya hana ki gaya mini?"

"Shi ya hana. Ya ce in an gaya maka, cewa za ka yi a nuna maka ta waya."

Baba Inta bai janye hannun ba, bai kuma kalli ɗansa ba. Yana kallon titi, inda wasu mata ke bin mai babur da robar ruwa.

Tawin ya ɗage zanen. Hannun hagun yana kwance a cinya, yatsun a lanƙwashe, an yanke farcen tsaf. Ya ɗago shi. Ya fi yadda ya zata nauyi. Ya buɗe yatsun ɗaya bayan ɗaya, ya haɗa tafin da na dama, ya tallafe su biyun daga ƙasa. Sai a lokacin ya lura cewa ba shi da sauran hannun zuba ruwa.

"Shekara goma sha ɗaya a ƙasar waje, bai koyo dabara ko ɗaya ba," in ji Buakam. Ta durƙusa a gefensa ta ɗauki kofin.

Ruwan ya cika tafukan tsohon, ya zurara ta tsakanin yatsu ya sauka a na Tawin, ya bi har gwiwar hannu. Baba Inta ya zare na dama, ya shafa a kansa, sannan ya ɗora a kan ɗan nasa. Albarkar ta fito a cakuɗe saboda bakin, ba kowace kalma aka ji ba, amma bai tsallake ko ɗaya ba.

Da ya gama, ya duba rigar furannin daga sama har ƙasa.

"Wa ya jiƙa ka haka?"

"Kowa da kowa, Baba."

"Sun kyauta." Ya ɗago ido ya kalle shi. "Yaushe jirginka?"

"Laraba."

Tsohon ya gyaɗa kai kamar an gaya masa farashin abin da ba zai saya ba. Tawin ya fara sassauta yatsunsa don ya mayar da hannun kan cinya.

"Riƙe," in ji Baba Inta. "In aka sake shi, faɗuwa yake."

Dangi suka koma kan shinkafarsu. Tawin ya gyara durƙuso a kan siminti.