Lakar Kainji a Daron Inna

Kwana arba'in maɗori ya yanka mini, ba taka ƙasa. Haka na kwanta a ɗakin Inna, a garinmu da bakinmu bai ma saba kiransa Suleja ba, ina ƙirga azara kamar tunkiya a turke.

Shekara huɗu ina aiki a tafkin Kainji, a jirgin masu binciken ruwa. Mu zura gugan ƙarfe har ƙasa, mu ɗebo laka, mu tace a rariya, mu tsince abin da ke zaune a ciki: dodon koɗi, jajayen tsutsotsi, wasu ƙwari ƙanana da ko suna ba su da shi a Hausa. Mutane na yi mini dariya, ni kuwa ina son aikin har raina.

Da na karye, maigidana a wurin aiki, Akinola, ya tausaya mini. Ya aiko da kwalabe goma sha biyu na laka cikin magani, kowace da takardar wurin da aka ɗebo ta da zurfinsa. In na tsince na rubuta kafin Juma'a, gurbina yana nan. In ba haka ba, a ba wani.

Na gama uku, zazzaɓi ya kayar da ni kwana biyu. Ran Alhamis da hantsi na farka, sai ga Inna a bakin ƙofa da faifai a gabanta. Sauran kwalaben tara an wanke su tas an kife a rana, ba takarda ko ɗaya.

"Inna, me kika yi?"

"Taya ka na yi mana, Gwadabe. Na juye su duka a daro na tsince kamar wake. Ga dodon koɗinka, ga tsutsarka. Ko tsakuwa ba za ka samu ba."

Wallahi tsintarta ta fi tawa kyau. Amma wanne ya fito daga bakin ruwa, wanne daga tsakiyar tafki? Aikin ke nan ɗungum, kuma ya lalace. Raina ya ɓaci. Da da ƙafa, da na bar mata gidan.

Ta tsugunna tana gyara mini karan ɗori, ba ta dube ni ba.

"In sun ce ba sa so, shi ke nan," ta ce. "Yayanka ya riga ya ware maka gona a Garam. Can babu ruwan da zai ci mutum."

A nan na tuna, sau biyu na yi mata bayanin takardun nan, tana gyaɗa kai.