Kafaɗar Saro

Saro mai kifi ya rantse sai dai a janye gawarsa daga gaban sandar karagar waliyyin nan. Fada Calogero bai faɗi wata magana mai zafi ba fa. Cewa kawai ya yi bana Saro ya bar wa matasa ɗaukar mutum-mutumin Waliyyi Rocco ranar bikinsa, ya bi sahun dattawa. Ai kuwa mutumin ya tayar da jijiyar wuya a tsakiyar coci, har bangon dutsen yana dawo masa da muryarsa.

"Fada, tun ba ka san hanyar Palermo ba nake ƙarƙashin waliyyin nan. Ni za a mayar sahun masu tari?"

Fada ya ɗaga hannu sama, ya ƙyale shi.

Ranar biki maza suka shiga ƙarƙashin sandunan karagar, fararen riguna, ƙafa ba takalmi. Katako ne da azurfa, ga mutum-mutumin waliyyin a kai, nauyi ba a magana. Saro a gaba. Dab da bayansa Melo, mijin 'yarsa, ɗan dako a tashar jiragen ruwa, wanda sai ya wuni bai ce uffan ba.

Aka kaɗa ƙararrawa, aka ɗaga. Ba su gama sauka matakalar coci ba gwiwar Saro ta ce ba ta san zancen ba. Ya ga faɗuwa ƙiri-ƙiri a gaban unguwa. Sai ya ɗan rage tsawo, ya sauke kafaɗa abin da bai fi kaurin yatsa ba. Wayyo daɗi! Sandar ta rabu da jikinsa. A bayansa ya ji Melo ya yi wani irin nishi.

Ya ce a ransa zuwa kwanar mai burodi kawai, sai ya karɓi rabonsa. Aka wuce mai burodi, aka shiga lungu, aka fita dandali, bai karɓa ba. Mata suna watso furanni daga benaye.

"Ku dubi Saro! Tsoho ya kunyata yara!"

Shi kuwa ya yamutse fuska, yana nishi fiye da kowa, yana kiran sunan waliyyi har muryarsa ta dushe. Kunya ta ci shi tun a nan, amma bai fasa ba.

Da aka dawo, aka taru a ɗakin bayan coci kamar kullum, a tuɓe riguna, a zuba giya, kowa ya nuna abin da sanda ta yi masa. Rigar Melo ta manne da nama, sai da aka jiƙa ta da ruwa. Fatar ta saluɓe.

Nunzio mai aski ya tuntsire da dariya. "Kai Melo, wannan kafaɗa ce ko tumatir? Ɗan dako guda! Saro, tuɓe ka nuna wa ragwayen nan kafaɗar maza."

Aka ɗauki ihu. "Tuɓe! Tuɓe!"

Saro ya riƙe rigarsa gam. Ya san abin da ke ƙarƙashin rigar, fata ce sumul ko ja ba ta yi ba.

"Ku rabu da shi," in ji Melo, yana danna tsumma a ciwon. "Baba ya yi gumi, iska za ta kama masa ƙirji. Ni da ke bayansa na ga abin da ya ɗauka."

Aka yi tafi. Fada da kansa ya zo ya ba Saro haƙuri, ya ce gaban sandar nasa ne har sai ya ce ya gaji.

Melo ya matso, ya miƙa masa kofi da hannun hagu, don na daman ba ya ɗaguwa. Ya yi ƙasa da murya.

"Kada ka damu, Baba. Baɗi ma ina bayanka."

Saro ya kai yatsa kan maɓallin rigarsa. Ya daɗe a haka, ana ta raha a gefensa. Sannan ya sauke hannun, ya karɓi kofin.