Abin da Tsohuwar Manhaja Ta Tono

Mai walda ya shiga shagon gyaran kwamfuta da katin memori ƙulle a bakin hankici. Ɗan abu ne da bai fi farce ba, amma duk abin da ya rage masa na marigayiya matarsa yana ciki. Kafin ciwo ya ci ƙarfinta ta naɗi muryarta a waya tana yi wa 'yarsu magana, don yarinyar ta ji in ta yi wayo. To, ga shi ta yi wayon, kullum tambayarta yaya muryar Mama take. Shi kuwa uban da hannunsa ya goge katin. Waya ta jefo masa wata tambaya, yatsansa mai kanta ya danna inda bai kamata ba.

Shagon wani lungu ne a ƙarƙashin matakala, sai warin dalma da gawarwakin kwamfutoci jibge har rufi. Mai gyaran Dogo ake ce masa don tsokana, saboda in ya zauna ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa. Ya saurari bayanin, ya karɓi katin, sannan ya zaro wani filashi da ya sha jiki daga cikin makullansa, ya soka su duka biyun a sabuwar kwamfutarsa mai sheƙi.

Kwamfutar ta yi ta ƙorafi, wai ba ta san manhajar da ke cikin filashin ba, wai a yi hattara. Manhajojin yanzu ai sun iya iyayi, sai ka faɗi sunanka da na kakanka kafin su buɗe maka ƙofa. Wannan kuwa ba ta tambayi kowa komai ba. Wani ɗan akwati ruwan toka ya fito a allon kwamfutar, mummuna, rubutunsa ƙanana.

"Malam Dogo, wannan abin zai iya kuwa?"

"Ta girmi wayarka nesa ba kusa ba. Wani bawan Allah ne ya rubuta ta ya sake ta kyauta, ƙila ma ya mutu. Da tsohuwar zuma ake magani, ɗan'uwa. Gogewa ba ta kwashe kaya, suna kawai take cirewa daga bakin ƙofa. Kayan na nan."

Layin da ke allon ya fara rarrafe. Mai walda ya zauna kan wata matacciyar firinta. Tsoro yake ji, kuma yana jin haushin kansa da ya bari rai ya fara dawo masa. Fayiloli suka riƙa fitowa ba suna, sai lambobi. Ga hoton ƙofar da ya ƙera wa wani, ga yarinyar tana rarrafe. Can Dogo ya tsaya a kan ɗaya, ya ƙara sautin lasifika.

Sai ga ta. Muryar a shaƙe, da ɗan tarin nan nata.

"'Yar Mama, ki saurare ni da kyau. Abu ɗaya nake so ki riƙe, ko kin manta komai. In kin girma..."

Wani ƙara ya ratsa, kamar an yaga zane. Sai wata murya ta namiji ta ɗauka, da kukan injin yankan ƙarfe a bayanta.

"Gwaji, gwaji. Ana ji? Gwaji."

Muryar mai waldan ce. Ranar da katin ya goge, hankalinsa a tashe, ya yi ta naɗar maganarsa yana saurare, yana sake naɗa, don ya tabbatar katin bai mutu ba. Har daɗi ya ji a lokacin da ya ga yana ɗauka.

Dogo ya cire tabarau ya murza ido. "Abin da aka goge tana tono shi. Wanda aka zuba sabo a kansa, babu mai tono shi, ko ita."

"Sake gwadawa, don Allah."

Ya sake. A daidai wurin nan matar ta yi shiru, mijin ya ce gwaji. Garin neman gira an rasa ido, kuma babu wanda zai ɗora wa laifi sai kansa.

"In yanke naka, in sa maka guntun nata?" in ji Dogo a hankali.

Mai walda ya gyaɗa kai. Ya daɗe yana kallon ɗan akwatin ruwan tokan, wanda ya gama aikinsa ya tsaya cak.

"Za ta tambaye ni mene ne abu ɗayan," ya ce.

Dogo ya danna inda ake adanawa.