Rigar Ruwa ta Inna Laure

Tun da gwamnati ta ba Tamba da ƙanensa Atiku jirgin nan mai inji, Tamba ya daina tsayawa hira a bakin gulbi sai in hirar jirgin za a yi. Ya wanke shi da safe, ya wanke shi da yamma, har 'yan kwale-kwalen Argungu suka fara cewa wata rana sai ya shafa masa turare. Bai damu ba. Mutumin da gorar tuƙin kwale-kwale ta cinye masa tafin hannu shekara da shekaru, in ya samu inji, a bar shi ya yi ɗoki.

Sai dai kayan gwamnati ba ya zuwa shi kaɗai. Ranar da aka kira su ofis a Birnin Kebbi, an ce su yi rajistar kamfani, suka yi, suka sa masa suna Tamba da Ɗan'uwa. Gwamnati ta ɗauki mafi yawan kuɗin jirgin, tana kuma ba su mai da rangwame don su riƙa ketarar da mutanen tungayen fadama da shinkafarsu da albasarsu zuwa kasuwa. Su kuma an gindaya musu sharuɗɗa: ba ƙarin kuɗin jirgi, ba lodi fiye da ƙima, ba tafiya bayan faɗuwar rana, kuma duk wanda ya shiga sai ya sa rigar ruwa, wadda ke hana mutum nutsewa. Laifin farko gargaɗi ne da yanke mai. Na biyu kuwa a karɓe jirgin, a soke kamfanin daga tallafi.

Laifin farkon tuni suka yi shi. Wata ranar kasuwa Malama Zuhura, jami'ar da ke zagayen duba jirage, ta tarar fasinjoji sun mai da rigunan matashin zama, wani ma ya shimfiɗa wa akuyarsa guda. Ta yi musu gargaɗi cikin mutunci, aka yanke musu mai na wata ɗaya. Tun daga ranar Tamba ba ya barin jirgi ya tashi sai ya bi kowa da ido, ko liman ne sai ya ɗaura.

Ranar da abin ya faru, damina ta yi nisa, gulbi ya cika ya shanye hanyar mota. Jirgin na tsaye a tungarsu, wajen garin Gulma, an riga an kunna inji, zai nufi Argungu. Malama Zuhura ta zo dubawa tun da safe, ta zauna daga gaba sanye da tata rigar. Ana cikin lodi sai ga Inna Laure, mahaifiyar su Tamba, ta gangaro da ƙullin kayan barka, za ta sunan jikarta. Ta tattare zane ta shiga ba tare da ta kama hannun kowa ba, ta zauna bisa buhun shinkafa shanshera.

Tamba ya tsaya cak. Ya san uwarsa. 'Yar masunta ce gaba da baya, ta iya iyo kafin ta iya daka, kuma a wurin irinsu sa rigar ruwa tamkar ka tsaya a kasuwa ne ka ce ubanka bai koya maka komai ba. Ga kuma babbar matsala: Tamba ɗan fari ne. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta kallonsa ido cikin ido, in za ta ba shi saƙo sai ta faɗa wa wani yana ji. Mai Jirgi take ce masa yanzu, dā kuwa "wancan". Shi ma bai taɓa ɗaga mata murya ba, balle ya ba ta umarni a gaban jama'a.

Ya yi wa Atiku ido. Atiku auta ne, shi ke wasa da ita yadda ya so. Ya ɗauko riga ya durƙusa gabanta.

"Inna, ga taki. Ki ga kalarta, ruwan goro, ta dace da zanenki."

"Kai, tashi ka ba ni wuri," in ji ta. "Ni ɗiyar Sarkin Ruwa? Gulbin ga da cikin Mai Jirgi wata tara na ƙetare shi, ba wanda yar riƙa ni. Kai wa 'yan birni abinsu."

Mata suka yi dariya, wata har da guɗa. Atiku ya lallaɓa, ya yi zolaya, ya ce ko amarya ba ta kai ta kyau in ta sa ba. Inna Laure ta ture rigar da bayan hannu, ta juya tana kallon ruwa.

Tamba ya ga Malama Zuhura ta sunkuyar da kai, kuma ya san ba ta da yadda za ta yi. In jirgi ya tashi haka, laifi na biyu ke nan. In kuwa ya ce Inna ta sauka, to ya sauke uwarsa daga jirginsa a gaban tunga duka, ranar sunan jikarta. Ya dubi jirgin tun daga hanci har zuwa inji, ransa ya ɓaci ƙwarai, don Allah ya sani yana son abin nan. Sannan ya miƙa hannu ya kashe injin.

Ya tako a hankali ya rusuna kusa da jami'ar. "Malama, ki yi haƙuri," ya ce da ita ƙasa-ƙasa. "Ba ni iya sauke ta. Zan kai ta haka nan. In munka isa, ki yi aikinki, ba ni ganin laihinki."

Shirun injin ya sa Inna Laure ta waiwayo. Ba ta dubi Tamba ba, Atiku ta tambaya.

"Mi as sa Mai Jirgi ya kashe abin?"

Atiku ya daina dariya. "Inna, in anka tashi da mutum guda ba riga, amshe jirgin za a yi. Shi ko ya ce a amshe."

Inna Laure ta juya. Ta dubi jami'ar, jami'ar ta gyaɗa kai. Rana ta riga ta ɗaga, zufa na tsattsafo wa kowa, mata na fifita da bakin mayafi. Inna Laure ta ɗan yi tari, ta murza kafaɗunta.

"Auta, iskan gulbin ga na da sanyi yau," ta ce da ƙarfi, yadda kowa zai ji. "Tsuhwa ba daɗi. Miƙo min rigar can in rufe ƙirjina."

Ba wanda ya yi dariya, ko matar da ta yi guɗa ɗazu. Atiku ya sa mata, ya ja igiyoyin ya ɗaure, tana mita wai ya matse ta. Malama Zuhura ta juya fuska tana gyaran mayafin da babu abin da ya same shi.

Tamba ya koma baya ya ja igiya, injin ya kama. Daɗi ya cika shi har ya rasa inda zai sa idonsa, sai ya kafa su kan ruwa. Jirgin ya ratsa gonakin shinkafa da ruwa ya rufe, yana tafiya sumul, zufa kuwa na zuba a wuyan Inna Laure, ba ta ko share ba.

Da suka isa Argungu kowa ya cire tasa ya miƙa. Ita ma ta cire ta ba Atiku, ta ɗauki ƙullinta. Har ta taka tudu sai ta tsaya, ba ta waiwayo ba.

"Ka gaya wa Mai Jirgi shi aje min ita daban," in ji ta. "Da marece ma sanyin nan na nan."